Ƙwaya Tara a Tafin Ƙanwata

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyarwa, goman ƙarshe ina hedimasta, amma a unguwarmu a Malumfashi ba da alli aka san ni ba, da baki aka san ni. Ni ne mai sulhu. In mace ta yi yaji, ko 'yan'uwa sun sa juna gaba a kan iyakar gona, zaurena ake zuwa. Ina da murya, ina da furfura, na kuma iya jera magana har mutum ya manta abin da ya kawo shi. Ba zan ɓoye ba, abin yana min daɗi. In aka tashi daga zama aka shafa fatiha, har tafiyata takan canja. Matata takan ce da ta ji jan takalmina ta san yau na shirya wasu.

To wannan bakin ne na juya a kan ƙanwata, autar ɗakinmu, wadda ke aure a wani ƙauye gaba da Ƙarfi. Tun da mahaifinmu ya rasu ni ne uba a wurinta. Mijinta manomi ne na gaske, masara da dawa da waken suya, ga shanun huɗa biyu da ake kwatance da su a yankin. Mutum ne mai fara'a a waje, in zai gaishe ka sai ya kai ƙasa. Sau uku tana zuwa gida da 'yar jakarta da yara, sau uku ana zuwa biko, sau uku ina mayar da ita. Kowane karo tsarin ɗaya ne. A shimfiɗa tabarma a zaure, kawun mijin ya zo da goro, shi mijin ya zauna ya sunkuyar da kai, a kira ta ta rakuɓe a bakin ƙofa. In yi nasiha a kan haƙuri, in yi masa faɗa kaɗan, in yi mata faɗa kaɗan don kada a ce na yi son kai. Daga nan in juya in ce, "Ke kuma, akwai abin da ke ranki?" Ta ce, "Babu, Yaya." In ce, "Kin yafe?" Ta ce, "Na yafe." Na san yana kai mata hannu. Mari nake ɗauka, irin wanda mu maza muke ce wa ɓacin rai mu wuce. Ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Karo na huɗu da kaka ta zo, ana tsakiyar girbin masara. Muryarta ta dishe, sai ka matso kake jin abin da take cewa. Na ce mura ce, sanyin safiya ya fara shigowa. Da kaina na je kasuwa na sayo citta da kanumfari da 'yar kwalbar zuma, na ce a dafa mata. Kwana uku ba sauƙi, ko ruwa ta haɗiya sai ta runtse ido, matata ta ɗauke ta suka tafi asibiti. Sun dawo da magani da wata takarda a ninke. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta ta ce lallai a kai takardar ofishin walwalar jama'a da ke sakatariya, wanda mutane ke ce wa walfiya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A wurina walfiya wurin marasa manya ne, waɗanda ba su da wanda zai faɗa musu su ji. Ni da ake tasowa tun daga Bakori a zo neman in sasanta mutane, a ce ƙanwata ce za a zaunar gaban tebur? Na yi ta faɗa a tsakar gida. Matata ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, "Malam, ai ka yi naka sau uku." Washegari na sa babbar riga na raka ƙanwar tawa, ba don na yarda ba, sai don su san yarinyar tana da gata.

Ofishin ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda. Tebur ɗaya, kujeru uku, kabad na ƙarfe, da fankar da ta daɗe da yin ritaya kamar ni. Matar da muka tarar za ta kai shekara hamsin, gajera, da tabarau rataye a wuya. Daga baya na ji cewa iyayenta Yarabawa ne, 'yan kasuwar da suka zauna a Funtuwa, can aka haife ta, can ta tashi. Ni dai da na ga zubinta sai na gyara zama, na shirya yin Hausa a hankali yadda za ta gane. Tana buɗe baki na ji kunya ta kama ni. Ta gaishe ni gaisuwar da ko a gidan surukai iyakarta ke nan, ta tambayi gajiya, ta tambayi amfanin gona, ta tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce in faɗi abin da na sani.

Na faɗa kuwa. Na ɗauko tun daga ranar ɗaurin aure, na bi ta kan kirkin dangin mijin, na ratsa ta kan lalacewar zamani, na sauka a kan haƙurin iyayenmu mata. Ta saurare ni ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Na lura layi ɗaya tak ta rubuta a duk jawabin. Da na dire ta ce, "Malam, na gode. Yanzu ina roƙon alfarma, ka ɗan ba mu wuri."

Na ce, "Hajiya, ni ne fa waliyyinta."

Ta ce, "Shi ya sa, Malam. Tana jin nauyinka. Wanda ake jin nauyinsa ba a iya magana a gabansa."

Ban taɓa jin an kore ni da ladabi irin haka ba. Na fito na zauna a kan benci ina huci, ina kallon masu babura suna shiga da fita. Na kasa kunne ko zan ji wani abu, ban ji komai ba sai muryar matar ƙasa-ƙasa, sai dogon shiru, sai muryar tata kuma. Har na fara murna a raina, na ce ai ga shi nan, abin da ba ta faɗa wa yayanta ba baƙuwa za ta faɗa wa? An fi awa ɗaya kafin aka leƙo aka ce in shigo.

A kan teburin na ga wani ɗan kwanon sha da masara a ciki, irin jar nan da ake ba kaji. Ƙanwata tana zaune, hannunta na dama a dunƙule a kan cinyarta. Matar ta ce, "Ta ba ni izinin in gaya maka wasu abubuwa. Wasu kuma ta ce a bar su a ɗakin nan, kuma a nan za su zauna." Sannan ta yi min bayanin yadda suka yi. Ta ce da farko duk tambayar da ta yi amsa ɗaya take samu, ba komai, lafiya lau. Ba ta yi mamaki ba, don haka aka rene mu, 'yar mutunci ba ta kai ƙarar mijinta da bakinta, ko sunansa ma ba ta kamawa. Sai ta daina neman bakin. Ta ƙirga ƙwayar masara goma ta zuba a teburin, ta ce mata ba sai ta yi magana ba. Ta ɗebi gwargwadon tsoron da take ji in ta ji motsin shigowarsa gida. Ɗaya, ba tsoro ke nan. Goma, tana jin zai iya kashe ta.

Matar ta juya wajen ƙanwata ta ce, "In kin yarda, ki buɗe ya gani. In ba ki yarda ba, ba dole."

Ta ɗan jima, sannan ta buɗe hannun. Masarar ta jiƙe da gumi, ta yi mata shaida a tafi saboda matsa. Halin malamin makaranta, sai na tsinci kaina ina ƙirgawa a fili. Tara. Na duba teburin, ga ƙwaya ɗaya can ita kaɗai. Wautar da ta fito daga bakina ita ce, "To ɗayar fa?"

Matar ta ce, "Ni ma na tambaya, kuma tambaya ce mai kyau."

Ƙanwata ta ce, da dishewar muryar nan, "In akwai baƙo a gidan ba ya yi."

Ban gama haɗiye wannan ba matar ta ce, "Malam, ka san abin da ya dishe mata murya?" Na ce mura. Ƙanwata ce da kanta ta sa yatsa ta ɗan ja hijabinta ƙasa da haɓa. Shatin yatsu ne, huɗu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, sun yi baƙi sun fara komawa ruwan ƙasa. Kwana biyar tana gidana da wannan a wuyanta, muna gaisawa safe da yamma, ni kuwa ina tambayar ko an sa mata zuma a shayi. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokacin ba. Na nemi kujera na zauna ba tare da an ce in zauna ba.

Matar ba ta yi min gori ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta bar ni na ɗan dawo hayyacina, sannan ta ce a aikinsu, in hannu ya kai wuya, sun daina kiran abin saɓani, maganar rai ake yi. Ta nuna min sauran abin da suka yi da masarar. Ƙwaya ɗaya ta ajiye a tsakiya, in amsar e ce a tura ta dama, in a'a ce a tura ta hagu. Abin yana ƙaruwa ne ko yana raguwa? Ya taɓa yi tana da ciki? Yana yi a gaban yara? Ya taɓa kulle ta? Akwai gidan da za ta iya rugawa a maƙwabta? Ba ta gaya min inda ƙwayar ta tafi a kowace tambaya ba, wannan nasu ne. Tambayoyin kawai ta karanta min, na zauna ina jin su baki buɗe. Ƙananan tambayoyi ne masu kai da ƙafa, kowace ana iya amsa ta ta nan ko ta can. Ni kuwa duk sulhun da na yi a rayuwata tambaya ɗaya nake da ita, kuma tun kafin in yi ta kowa a zauren ya san amsar da ake so.

Daga nan ta shimfiɗa yadda za a yi, tana yi tana duban ƙanwata ko ta amince. Za ta zauna a gidana, ba za a bar shi ya keɓe da ita ba ko da sunan ganin yara. Takardar asibiti za ta zauna a kabad, kuma ƙofar kotu a buɗe take duk ranar da mai abin ta so. Za a yi zama shida, ita ranar Talata, shi ranar Alhamis in ya yarda. Na ce me zai hana a haɗa su a yi ta ta ƙare? Ta ce, "Ba na zaunar da mutum biyu a ɗaki ɗaya matuƙar ɗaya yana tsoron ɗaya. Duk abin da mai tsoro ya faɗa a wurin, ba nasa ba ne." Na ce to ni mene ne aikina? Ta sa tabarau ta dube ni, har da ɗan murmushi. "Naka ya fi na kowa wuya, Malam. Shiru za ka yi na mako shida."

Mijin ya ƙi zuwa da farko. Da aka sake aika masa, sai ya ce zai zo amma sai in da ni a wurin. Na san dalili, kuma dalilin ya ƙona min rai: ya saba in ina wuri abin yakan ƙare masa da daɗi. Matar ta ce ba laifi, zaman farko kawai. Shi ya sa na ga abin da zan faɗa yanzu da idona.

Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaishe ta. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta gaya masa abin da ya yi laifi ne a hukuma, laifi ne a addini, kuma shaidarsa tana cikin kabad ɗin da ke bayansa. Sannan ta ce ya faɗi nasa. Ya ce matar tana da baki. Ya ce ranar an yi lattin kai wa 'yan ƙwadago abinci gona har suka yi masa tsiya. Ya ce sharrin Shaiɗan ne. Ya ƙare da cewa, "Wallahi Hajiya, in zuciya ta ɗebe ni ban sanin abin da nake yi. Sai bayan na gama nake ganin ɓarna."

Na gyara murya zan fara, na tuna an ɗaure min baki. Ita kuwa sai ta ajiye biro ta ce, "An ce min kana da shanun huɗa."

Na ce a raina matar nan ta rikice. Shi kuwa fuskarsa ta washe nan take. Ya hau ba ta labarinsu, farin da jan, inda ya samo su, abin da yake ba su da rani. Ta tambaya ko akwai mai taurin kai a ciki. Ya ce jan, ai wannan ɗan banza ne. Ta ce ya taɓa kwanta masa a tsakiyar aiki? Ya ce bara ma ya yi, ƙasa ta yi laushi daidai huɗa, hadari ya haɗo, ga mutane suna jira da iri, sai ya zube ya ƙi tashi.

"Ranka ya ɓaci?"

"Kamar in sa mashi wuƙa, wallahi."

"Sai ka rufe shi da duka."

"Haba Hajiya! Ai in ka doki sa cikin fushi ka lalata shi ke nan, ba ya ƙara yarda da kai. Igiyar na aje, na tafi gindin ɗorawa na zauna, na sha ruwa, sai da zuciyata ta sauka na dawo na lallaɓa shi."

Ta gyaɗa kai. "Ka taɓa dukan matarka a gaban baƙo?"

"Subhanallahi. A'a."

"Ko ranka ya ɓaci?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ta ba shi lokaci. Can ta ce, a hankali, "Ba haɗa matarka nake yi da sa ba, Allah ya kiyaye. Hannunka nake tambaya. Yana jin maganarka a gona, yana jin maganarka in akwai baƙo. Ashe kana sanin abin da kake yi. Ba zuciya ke zaɓar rana da wuri ba, kai ne kake zaɓa."

Na ga mutumin ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, gumi yana bin wuyansa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ban taɓa ganin an kama mutum haka ba, ba zagi, ba ɗaga murya, da maganar bakinsa kawai. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba ta bar shi a ƙasa ba. Ta ce masa wannan labari ne mai nauyi amma akwai alheri a ciki, don wanda ya iya tafiya gindin ɗorawa sau ɗaya zai iya sau dubu. Ta ba shi aikin gida kamar ɗan aji uku: a makon nan ya lura a ina fushi yake fara taɓa shi a jiki, ya kuma riƙe duk lokacin da ya tashi ya bar wuri maimakon ya kai hannu ko ya yi tsawa, ya zo mata da su ranar Alhamis. A hanyar fita ya manta bai yi min sallama ba.

Abin da ake yi a zaman ƙanwata ban sani ba, ban kuma tambaya ba, sai ɗan abin da ta ga dama ta faɗa wa matata. An tambaye ta wai in ta wayi gari ta tarar damuwar ta wuce, mene ne farkon abin da za ta lura ya canja? Na ɗauka za ta ce zai daina dukanta. Sai ta ce za ta ci abinci a zaune. Ashe shekara da shekaru a tsaye take cin abinci a bakin murhu, kunnenta yana ƙofa. Tun daga ranar da matata ta gaya min haka na fara satar kallonta in an zuba tuwo. A mako na uku na ga ta miƙe ƙafa a tabarma, kwano a gabanta, tana ci tana yi wa ƙaramar 'yarta faɗa a kan zubar da miya. Muryar ta dawo. Na shige ɗaki don kada su ga idona.

Shirun nan kuwa ya ba ni wuya, ba kaɗan ba. A masallaci ana tambayata yaushe za a mayar da yarinyar. A majalisa wani abokina ya ce ashe mai gyaran gidajen mutane nasa yana yoyo. Kawun mijin ya tare ni a kasuwa, ya ce sun ba walfiya haƙƙinta, yaron yana zuwa, ya daina ko tsawa, za su zo ranar Juma'a bayan an sauko a ƙare magana kamar yadda aka saba. Gaskiyar magana, zuciyata ta karkata. Mutumin ya halarci zama huɗu, kowa ya shaida ya yi sanyi, ga yara, ga sunana da ake ta ja a ƙasa. Na ɗauki ƙafa na tafi ofishin, na ce wa matar ina ganin lokaci ya yi, ta bar ni in ɗora daga inda ta tsaya.

Ta ce, "Ya fara canjawa, Malam, kuma na yaba masa a gabansa. Ina fata ya ɗore. Amma mako biyar bai isa a sani ba, kuma ba a wuyan ƙanwarka za a gwada ko ya warke ba."

Na ce, "To ke me kika yanke?"

Ta ce, "Ni ba na yankewa. Kai ma ba kai za ka yanke ba. Talata mai zuwa zamanta na ƙarshe, ita za ta faɗa. In ta ce za ta koma, sai mu zauna mu tsara yadda za ta koma da tsaro. In ta ce a'a, sai ka tsaya mata. Abin da nake so in sani ke nan, za ka iya?"

Na dawo gida ina juya tambayar. Ni da na zo karɓar ragama, sai ga shi an auna ni ni ma. Na roƙi kawun ya ɗaga zuwan nasu da mako guda. Ranar Talata ƙanwata ta dawo daga ofishin, ta same ni a zaure ni kaɗai, ta durƙusa. Ba masara, ba matar walfiya, ba kowa. Ta ce, "Yaya, ba zan koma ba." Na ce, "To." A duk tsawon rayuwata ban taɓa yin jawabi gajere kamar wannan ba.

Ranar Juma'a suka zo, kawun da goronsa, mijin a bayansa. Na shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa. Na ce, "Alhaji, yarinya ta ce ba za ta koma ba, ni kuma ina bayanta."

Dattijon ya dube ni kamar bai san ni ba. "Malam, kai ne kau? Kai da muke kawo ma ɗiyan wasu ka shirya? A kira ta nan, a tambaye ta gabanmu."

Na ce, "Ba za a kira ta nan ba. An tambaye ta a inda take iya amsawa."

Ya fara ɗaga murya, yana cewa an bar wata mata ta ofis ta raba sunna, yana cewa mi aka yi da ba a taɓa yi ba a gidan aure. Maganganu sun cika min baki, na danne. Sai mijin, wanda tun da suka zo bai ɗago ba, ya ce, "Kawu, a bar ta." Dattijon ya juya. Mijin ya ce, "Ba a gaya maka abin da na yi ba. Ni na sani. A bar ta." Ya tashi ya sa takalminsa. Kawun ya zauna jim kaɗan, ya tattara goronsa ya bi shi. Bayan 'yan makonni takardar sakinta ta iso ba tare da an je kotu ba, kuma an ce min ya je zamansa na shida shi kaɗai, alhali ya san ba abin da zai dawo masa da ita.

Amma a ranar, da suka fita, na daɗe a zauren kafin na shiga cikin gida. La'asar ta yi, ƙanwata tana gindin bango tana tsintar wake a faifai. Na ja kujera 'yar tsugunne na zauna kusa da ita, abin da ban taɓa yi ba tun tana yarinya. Na shirya magana mai tsawo, duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta ce, "Na gaya maka, Yaya. Ranar da ka ɗauke ni a babur za ka mayar da ni karo na uku, tun daga bakin gari na kama rigarka ta baya ina ja. Har muka wuce Ƙarfi ban saki ba. Na ɗauka za ka ji ka juya."

Na ji kuwa. Wallahi na ji jan rigar, har yau ina jin sa a bayana. Na ɗauka ramukan hanya take tsoro, sai na rage gudu.